OFISHIN GOBE: SANYIN ZAMA DA TATTALIN WUTA

Jawabi zuwa ga Hakimai da Malamansu, daga bakin Jami'in Watsa Labarai

  

Kafin in shiga magana ina neman gafara, gama ni ɗanku ne, ba kuwa al'ada ba ce yaro ya tsaya gaban manya yana bayani. Amma aike ne aka ɗora mini, ɗan aike kuwa tilas ne ya isar da saƙo. Abin da zan yi magana a kai shi ne ginin ofis: yadda za a tsara shi ya yi daɗin zama, ya kuma rage kuɗin wuta da na mai.

Wata rana cikin bazara na je rangadi wata gunduma, na tarar da sabon ofis mai kyaun gani, da fenti, da manyan tagogin gilashi masu kallon yamma. Na yi sallama, ba kowa ciki. Ashe malamin hakimi ya fitar da teburinsa gindin wata tsamiya, can ya ke karɓar jama'a, ya danne takardunsa da duwatsu don kada iska ta kwashe. Na tambaye shi dalili. Ya ce in ba wuta, daga azahar ba mai iya zama cikin ɗakin, wuta kuwa sai ta ga dama ta kan zo. Dukiya mai yawa aka kashe a kan ginin nan, ga shi tsamiyar da ba wanda ya biya kwabo a kanta ta fi shi amfani. Irin wannan hasara ce mu ke so mu kauce wa.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA TILAS

Dalili na fari shi ne zafi. A ƙasar Kano da maƙwabtanta, zafin rana cikin watan Afrilu ya kan kai digiri 38 zuwa 40, wani lokaci ya wuce. A watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, masana yanayi kuwa sun tabbatar duniya tana ƙara ɗumi. Ofishin da za a gina bana, jikokinmu za su zauna cikinsa a zamanin da ya fi namu zafi.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, tada janareta ya zama abu mai nauyi. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na masu Rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bari mu yi ɗan lissafi bisa wannan farashi. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana cin wajen yunit 9 cikin sa'a 8, watau kimanin naira 2,000 a yini. In an yi aiki kwana 22, kuɗin ya kai naira 44,000 a wata, a ɗaki guda kurum. Fankar sama kuwa ba ta cin fiye da naira 130 a yini. Ofishin da fanka za ta wadatar da shi ya tsirar wa hukuma da kuɗin da za a iya sayen magani ko gyara rijiya da shi.

Dalili na uku shi ne haƙƙin jama'a. Talaka ya taso tun asuba daga ƙauyensa da ƙarar gona ko ta gado, ya zo ya tsaya a rana. Malami ya jiƙe da gumi yana rubutu, hankalinsa ya rabu, kuskure ya shiga takarda. Kuskure guda cikin takardar iyakar gona ya kan haifi rigimar shekara goma.

Na sani tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sa'ad da aka rushe En'e, baitulmali ya bar hannun masarauta. Ƙaramar hukuma ko Gwamnatin Jiha ke ba da kwangila. Amma ku a ke tambaya fili, ku a ke kawo wa taswira, ku ne kuma za ku zauna ciki. Maganarku kafin a haƙa harsashi tana da nauyi ƙwarai. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko abin da ya saura na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya san sanyin da a ke ji a ciki ba tare da wata na'ura ba. Wannan sanyi yana da dalilai sanannu.

Bangon tubali mai kauri ya kan sha zafin rana a hankali. Kafin zafin ya ratsa shi ya kai ciki, sa'o'i da yawa sun shige, rana ta yi sanyi. Da dare kuma bangon ya saki zafin, ya ɗauki sanyin asuba ya riƙe. Rufin soro, watau azarar giginya da aka shimfiɗa aka dinga zuba ƙasa a kai, shi ma haka ya ke yi. Tagogi ƙanana ne, suna can sama, suna fitar da iska mai zafi, ba su barin rana ta faɗo tsakar ɗaki. Bakan gizo da ɗaurin guga suna ɗaga rufi sama, zafi ya taru nesa da kan mutane. Daga waje kuma a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, a sa indararo ya jefar da ruwa nesa da gindin bango.

Ina roƙo ku lura da wani abu a nan. Kowa ya san soro ya kan yi zafi da dare cikin bazara, har mutane su fito su kwana a tsakar gida. Wannan aibi ne ga ɗakin kwana. Ofis kuwa ba a kwana cikinsa. A kan buɗe da ƙarfe takwas, a tashi da la'asar. Lokacin da zafin zai iso ciki, ma'aikata sun riga sun tafi gida. Saboda haka bango mai kauri ya fi dacewa da ofis bisa ga kowane irin ɗaki.

Gaskiya ce kuma ginin ƙasa yana da wahalarsa, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Yana son yaɓe a kai a kai. Gara tana cinsa in ba a kula. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, ba ta kuma ɗaukar faɗi mai yawa sai da tokara. Waɗannan ne suka sa mutane suka koma ga bulo da kwano. Amma bulon siminti mai rami ba shi da kauri, kwano kuwa da hantsi ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi. Mun guje wa wahalar yaɓe, muka faɗa wahalar zafi da ta kuɗin mai. Abin nema yanzu shi ne a haɗa amfanin biyun.

WAƊANDA SUKA GWADA SUKA DACE

Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan hanya, a ƙasashe masu irin zafinmu.

A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa. Ya yi wa azuzuwan rufi na tubali, sa'an nan ya ɗaga kwano mai faɗi a bisa, ya bar tazara tsakaninsu. Kwanon ya tare ruwa da rana, iska kuma tana bi ta tsakiya tana kwashe zafi. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce babbar lambar masu zanen gini a duniya, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ya same ta.

A garin Dandaji na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, inda 'yan'uwanmu Hausawa su ke, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse a inji. An gama aikin a 2018, da hannun maginan wurin.

Shi wannan tubali na inji jar ƙasa ce a ke gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a matse ta da ƙarfi, a bar ta ta bushe a inuwa. Ba ya bukatar gashi da itace, ya kuma fi tubalin hannu jure wa ruwa. A Nijeriya ma cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Gwamnatin Tarayya, wadda a ke kira NBRRI, tana ƙera injin yinsa.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA A DUBA A TASWIRA

Na ɗaya, fuskar gini. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye masu tagogi su kalli kudu da arewa. Rana da safe da yamma tana ƙasa ƙasa, tana harbin bango kai tsaye, ba rumfar da ke tare ta. Da tsakar rana kuwa tana sama, ɗan baranda ya isa ya kare bango. Bangon yamma shi ya fi kowane shan wuya, don rana tana dukansa a lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. A bar shi ba taga, a jingina masa ɗakin ajiyar kaya ko makewayi. Bangon gabas kuma shi ke shan dukan ruwa, gama hadarinmu daga gabas ya kan taso. A ƙarfafa shafensa. Wannan shawara ba ta cin ko kwabo. Igiya da turaku ne kurum a ke juyawa ran da a ke auna fili. Amma in an zuba harsashi, ta wuce har abada.

Na biyu, baranda. A daidai Kano, rana ta kan tsaya tsaye bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta. Tsakanin waɗannan lokatai ta kan ɗan karkata arewa. Sauran shekara tana kudu, cikin Disamba har ta kan karkata da digiri 35. Don haka bangon kudu ya fi bukatar rumfa mai faɗi. Rumfa mai faɗin mita 1 tana jefa inuwa ta kusan mita 1 da rabi a jikin bango da tsakar ranar Disamba. In aka yi baranda mai mita 2 ko fiye, an sami riba biyu: bango ya huta, masu jiran ganin hakimi kuma sun sami inuwa da dakalin zama.

Na uku, rufi. A gini mai hawa ɗaya, mafi yawan zafi ta sama ya ke shigowa. Kwano ya zama fari ko mai haske, gama fari yana mayar da hasken rana, baƙi da ja da shuɗi mai duhu kuwa suna shanye shi. A sa silin, a shimfiɗa abin tare zafi a kansa, a bar kafofi a gefe da gefe masu raga don iska ta bi tsakanin kwano da silin. A ɗaga silin ya kai mita 3 ko fiye. Ɗan kwangila ya kan so rage layin bulo biyu don ya sami rara. Kada ku yarda, gama ku za ku sha zafin layi biyun nan.

Na huɗu, tagogi. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ba ya barin zafinsa ya fita, kamar motar da aka rufe aka bari a rana. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin wuta a gine-gine. Cikin abin da ta shimfiɗa akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu abin inuwa, rufi kuma a sa masa abin tare zafi. Kuna da ikon ku tambayi injiniya ko taswirarsa ta bi wannan. Tagogi su kasance a bango biyu masu duban juna, don cikin damina, sa'ad da gari ya yi gumi, iskar kudu maso yamma ta shiga ta wannan ta fita ta wancan. Wannan ba ya yiwuwa sai ɗakuna sun jeru layi ɗaya. Ginin da aka yi ɗakuna dama da hagu da lungu mai duhu a tsakiya ba ya samun iska, ba ya samun haske.

Na biyar, kafofin dare. A bar ƙananan tagogi can sama kusa da silin, a sa musu ƙarfe saboda ɓarayi da raga saboda sauro da jemage. Cikin bazara a bar su buɗe da dare don sanyin asuba ya shiga bango, da hantsi kuma a rufe manyan tagogi don a tsare sanyin a ciki. Mutane da yawa su kan yi akasin haka, su buɗe ko'ina da rana, iska mai zafi ta cika ɗaki, su kulle da dare. Cikin hunturu, sa'ad da ƙura ke tasowa daga arewa maso gabas, a rufe na wannan gefe.

Na shida, itatuwa. A dasa su gabas da yamma, inda rumfa ba ta amfani. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, tana saurin girma, ba ta kuma kaɗe ganye duka da rani. Tsamiya da maɗaci da ceɗiya sun fi jinkiri, amma sun fi daɗewa. A nisanta su daga bango don saiwa kada ta tsaga harsashi. Kada kuma a malale farfajiya duka da siminti, gama siminti yana tara zafi ya hura shi cikin ɗaki. A dasa tun ran da aka fara gini, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a ɗora wa mutum guda alhakin ban ruwa.

Na bakwai, kayan wuta. In an cika shidan nan, abin da ya saura kaɗan ne. Ƙwan lantarki irin na LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Bangon ciki in an shafe shi da fari, da rana ba a bukatar kunna ƙwai ko ɗaya. Fanka ɗaya ko biyu ta isa ɗaki. Ofishin da bukatarsa ba ta wuce ƙwai da fanka da kwamfuta ba, faranti kaɗan na hasken rana sun riƙe shi, musamman da ya ke lokacin aiki shi ne lokacin rana, ba sai an tara batura masu yawa ba. A kafa farantan suna kallon kudu da ɗan karkata, a riƙa share musu ƙura kowane mako cikin hunturu, in ba haka ba ƙarfinsu ya ragu. In lalle sai an sa na'urar sanyaya ɗaki, a sa ta a ɗaki ɗaya ƙarami mai rufuwa sosai, a zaɓi irin mai tattalin wuta.

GA MALAMAI MUSAMMAN

Ku malamai, littattafan gunduma amana ce a hannunku: rajistar gonaki, da takardun sulhu, da jerin dagatai da masu unguwa. Maƙiyansu huɗu ne, watau gara, da danshi, da ƙura, da rana. Ku nemi a yi musu ɗaki nasu, ba a jikin bangon gabas mai shan ruwa ba. A ɗaga kanta daga ƙasa, a janye ta daga bango yadda za a iya leƙa bayanta a ga ko gara ta fara hawa. Teburin rubutu kuma a ajiye shi yadda haske zai zo daga gefe, kada ya zo daga gaba ya kashe ido, ko daga baya ya haska gilashin kwamfuta. Batura a ajiye su a wuri mai iska, nesa da takardu.

Ku tuna kuma da waɗanda ke zuwa wurinku. A ware wa mata wurin zama mai inuwa da sutura. A yi gangara a bakin ƙofa maimakon matakala kaɗai, saboda tsofaffi da guragu da masu keke. A ajiye randa a baranda. Ita randa da kanta darasi ce: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, shi ke sanyaya na ciki. Haka ganyen itace ke sanyaya farfajiya. A tanadi wurin alwala da makewayi a inda iska ba za ta kawo wari ba.

AMSAR WATA TUHUMA

Na san wani zai ce a ransa, ofishin hakimi alamar martaba ce, yaya za a koma ginin ƙasa alhali maƙwabta suna gina na gilashi? Amsa ita ce, fadar Sarkin Kano, Gidan Rumfa, da ƙasa aka kafa ta tun ƙarni na 15, ba kuwa wanda ya taɓa raina ta saboda haka. Baƙi daga ƙasashe masu nisa soraye su ke zuwa kallo. Wani kuma zai ce baranda da bango mai kauri suna ƙara kuɗi. Haka ne, suna ƙarawa kaɗan, amma sau ɗaya a ke biya. Kuɗin mai kuwa kowane wata ne, muddin ginin yana tsaye. Araha ba ta ado.

Waɗanda kuma ofishinsu ya riga ya ginu, kada su ce an bar su baya. Ana iya shafa wa kwano farin fenti, a sa silin inda babu, a kafa rumfar zana ko ta kwano a bangon yamma, a sauya ƙwayayen lantarki, a dasa itatuwa da saukar damina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, za a ji bambancinsa a bazara mai zuwa ko ta bayanta.

ROƘO NA ƘARSHE

Ranku ya daɗe, abin da mu ke roƙo shi ne, duk ran da aka kawo muku taswirar ofis, ko ta ɗakin shan magani, ko ta makaranta, kada ku sa albarka sai kun yi tambaya biyar. Ina ginin ya fuskanta? Me ke tsakanin kwano da kan mutane? Ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Ina talakawa za su zauna? In aka ɗauke wuta yini guda, za a iya ci gaba da aiki a ciki? Ku kira Sarkin Magina ya zauna tare da injiniya, kowa ya kawo saninsa, malami kuma ya rubuta abin da aka yarda a kai ya ajiye a fayil, don ran da za a karɓi gini a gwada a gani.

In akwai kuskure cikin abin da na faɗa, ina roƙon iyayena su gyara mini. Allah ya ja zamaninku, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya sa mu gama lafiya. Amin.

Haza wassalam.